Muhawara: Ƙashin wucin gadi ya fi na ƙugu aminci a tiyatar ƙashin baya?

Likitan ƙashi: Ni a ganina lokaci ya yi da za a daina ɗebo ƙashi daga ƙugun majiyyaci idan za a haɗe gaɓoɓin baya. Yanka biyu ke nan, ga ƙarin zubar jini, kuma wurin da aka ɗeba kan yi ta ciwo wata da watanni. Na wucin gadi ya raba mu da wannan wahala.

Likitar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi: Likita, wanne daga ciki? Ai ba iri ɗaya ba ne. Hydroxyapatite da tricalcium phosphate tsani ne kawai da ƙashi zai bi ya hau, ba su da ƙwayoyin halitta masu rai. Shi ya sa ake cuɗa su da ɓargo ko gutsattsarin ƙashin da aka cire a wurin aikin. Su kaɗai sukan kasa, kuma idan ƙashi bai haɗe ba, kusoshin da aka ɗaure gaɓoɓin da su su yi sako-sako ko sandar ƙarfen da ke haɗa su ta karye.

Likitan ƙashi: BMP-2 nake nufi, furotin da ke cikin maganin da ake kira Infuse. Shi kam yana tsiro da ƙashi.

Likitar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi: To nan gizo ke saƙa. A 2002 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta amince da shi ne don gaɓa ɗaya a ƙasan baya, ta hanyar ciki, a cikin ɗan kejin ƙarfe da ake sawa tsakanin ƙasusuwan baya biyu. Da aka riƙa sa shi a wuya, sai hukumar ta yi gargaɗi a 2008: wuya na kumbura tsakanin kwana 2 zuwa 14 bayan aiki, haɗiya ta gagara, numfashi ya toshe. Abin da ke tayar mini da hankali, a lokacin an riga an sallami wasu. A ƙashin baya kuma yakan tsiro da ƙashi inda ba a so ya danne jijiya, ko ya zaizaye gaɓar kejin ya nutse. An kuma danganta shi da komawar maniyyi cikin mafitsara.

Nas ɗin ɗakin tiyata: Ranki ya daɗe, har da yadda ake sarrafa shi da hannu a ciki. Ana jiƙa soson kolajin (soson da ke riƙe furotin ɗin) da ruwan maganin, a bar shi aƙalla minti 15 ya kama. In aka matse soson wajen cusawa, furotin ya tsiyaye kan jijiyoyi.

Likitan ƙashi: Na yarda da batun wuya. Amma tsoho mai raunin ƙashi, ko wanda aka taɓa ɗebar ƙugunsa fa?

Likitar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi: Wannan uzuri ne karɓaɓɓe, Likita, sai dai bai zama doka ga kowa ba. Bitar da jami'ar Yale ta shirya, aka wallafa a 2013, ba ta nuna majiyyata sun fi samun sauƙi da BMP-2 a kan ƙashin ƙugu ba. Kuma ba a sa shi ga mai juna biyu, ko yaron da bai gama girma ba, ko inda akwai ciwon daji ko ƙwayar cuta a wurin. Mu da tarin fuka na ƙashin baya ke yawan kawo mana majiyyata, wannan sharaɗi na ƙarshe ya cire da yawa daga cikinsu tun kafin a yi maganar kuɗi.