Inda muka tsaya kan sake fasalin hanyoyin jirage a saman Landan

Na karanta duk abin da kuka rubuta a muhawarar da muke yi kan yadda za a sake tsara hanyoyin da jiragen sama ke bi a saman Landan, ga abin da na tattaro.

1. Kowa ya yarda hanyoyin sun tsufa. Tun shekarun 1950 aka shata tushensu, lokacin da matuƙa ke bin na'urorin rediyo da aka kafa a ƙasa.

2. An fi kokawa da jiran sauka. Jiragen da za su sauka a filin jirgin sama na Heathrow suna ta kewaye a saman wurare huɗu, Bovingdon, Lambourne, Ockham da Biggin, suna ƙona mai a banza. Shawarar da ta rinjaya: jirgi ya rage gudu tun yana nesa, ya gangaro a hankali ba mataki-mataki ba, ƙara za ta ragu.

3. A nan aka rabu. Da taimakon tauraron ɗan'adam, jirage na iya bin layi ɗaya siriri. Wasu sun ce gara haka, mutane kaɗan ne za su sha ƙarar. Wasu suka ce zalunci ne a ɗora wa unguwa guda, suka kawo misalin birnin Phoenix a Amurka, inda aka canza hanyoyi a 2014 ba a tuntuɓi mazauna yadda ya kamata ba, har kotu ta soke matakin a 2017. Ni kam ina tare da na biyun. Wanda jirgi ke wucewa kan rufinsa dare da rana shi ya san zafin abin.

4. Sauya titin saukar jirage da ake yi a Heathrow da ƙarfe uku na rana, kada a taɓa shi, hutu ne ga mazauna daga ƙara.

5. Jiragen asuba kuwa ba a daidaita ba: masu ƙananan yara suna so a hana, matafiya suna so a bari.