Shawarwari ga iyayen masu sikila kan dashen ɓargo

A wata tattaunawa da aka yi kan dashen ɓargo ga masu ciwon sikila, wato sauya ɓargon mara lafiya da na mai lafiya, shawarar farko ita ce a gwada jinin 'yan uwa shaƙiƙai. Kowannensu yana da damar 1 cikin 4 ya dace da mara lafiyar, kuma dashen ya fi yin nasara tun yaro yana ƙarami. A Najeriya, asibitin koyarwa na Jami'ar Benin ne ya fara yinsa a 2011.

An fi daɗewa a kan magungunan bayan dashen. Cyclosporine, wanda ke hana sabon ɓargon afka wa jiki, yana wahalar da ƙoda kuma ba ya son haɗi da wasu magunguna. Ko jiƙon da kaka ta kawo a gora, kada a sha sai an tambayi likita. A ganina nan ne gidajenmu suka fi tuntuɓe, don ƙin karɓar maganin dattijuwa da nauyi.

Sai ciwon damuwa, wanda makonnin zama a keɓe da zubewar gashi kan jawo. Maganinsa yakan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa, kuma ba a daina shi farat ɗaya. Matasa 'yan ƙasa da shekara 25 a riƙa sa musu ido a farkon shansa, saboda tunanin kashe kai na iya ƙaruwa a lokacin.