Sakamakon gwajin jinin dokina ya fito, don Allah masana ku duba min

Mai Kili: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina da ingarma kili, shekarunsa 19. Tun bara gashinsa ya yi tsawo yana nannaɗewa, ya ƙi zuba ko da zafi ya shigo. Naman gadon bayansa ya zube, sirdi ma ba ya zama daidai, ga tumbi ya fito, ga shan ruwa da fitsari ba ƙaƙƙautawa. Yanzu kuma ɗingishi yake da ƙafafun gaba, kofatonsa da zafi. An ɗebi jininsa a Satumba. Takardar ta nuna sinadarin ACTH 62 pg/mL, insulin (sinadarin da ke daidaita sukarin jini) 58, T4 (sinadarin ƙullin maƙoƙo) kuma ƙasa da yadda ake so. Wani ya ce in fara ba shi maganin maƙoƙo. Hankalina bai kwanta ba, dokin nan mahaifina ne ya bar min shi.

Dakta: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ba shi lafiya. Alamomin nan sun yi kama da PPID, wadda aka fi sani da cutar Cushing ta dawaki. Wani ɓangare na ƙullin da ke ƙasan ƙwaƙwalwa ne ke kumbura yana zuba ACTH fiye da kima, kuma ta fi kama dawakin da suka haura shekara 15.

Sai dai 62 ba a karanta ta ita kaɗai, sai an duba watan. Ko lafiyayyen doki ACTH ɗinsa kan hau daga Agusta zuwa Oktoba. A jadawalin da likitocin dawaki na Amurka ke amfani da shi, daga Disamba zuwa Yuni abin da ya haura 40 yana nuna cutar, amma a Satumba da Oktoba sai ya haura 90; tsakanin 30 da 90 ana cewa da shakka. To naka a nan ya faɗo. A irin wannan hali jikin dokin ne ke raba gardama, kuma gashin da ya ƙi zuba shi ne shaida mafi ƙarfi. Tambaya: yaya aka kai jinin, kuma yana kan wani magani?

Mai Kili: Dakta, a aljihun mota aka kai shi, ba ƙanƙara, sai da yamma ya isa. Yana shan bute, maganin raɗaɗi, saboda ƙafar.

Dakta: To ka ga. ACTH ba ya jure zafi. Ana ɗibarsa a kwalba mai murfi launin shunayya, a sanyaya cikin awa 3, a raba ruwan jinin. In ya sha zafin mota lambar kan sauka. Raɗaɗi mai tsanani kuma kan ɗaga ta. A sake gwajin idan ƙafar ta lafa. Batun T4, bute da kansa yana saukar da shi, haka ma rashin lafiya. Ainihin ciwon maƙoƙo ba kasafai yake kama babban doki ba. Kada ka sayi wannan maganin.

Ni abin da ya fi damuna insulin ne. In ba a ba shi hatsi ba awa 4 kafin ɗibar jinin, abin da ya haura 50 matsala ce, kuma ita ke cin kofato. Wannan ba ya jira.

Tsohon Ɗan Barga: Ɗana, ka ji maganar Dakta. A janye gero da dawa da dusa tun yau, kada yara su riƙa miƙa masa rake. Busasshiyar ciyawa, a jiƙa ta a ruwa a tsane kafin a zuba masa. A shimfiɗa yashi mai laushi a turkensa, kuma a manta da hawa tukuna, ko da sallah ce ta zo.

Mai Kili: Na gode Baba. Dakta, in an tabbatar, akwai magani?

Dakta: Akwai, pergolide, ana sayar da shi da sunan Prascend. Ana farawa da ƙwaya 1 mai miligiram 1 kullum ga doki mai kilo 500, ka ga sai an auna nauyin naka. Ba ya warkarwa, riƙe cutar yake, kuma sha ne har ƙarshen rayuwa. Wasu kan ƙi cin abinci a farko. In haka ta faru a kira likita ya rage, ba a daina kai tsaye ba. Bayan wata 1 zuwa 2 a sake auna ACTH. Kafin nan, likitan da ke duba shi ya zo ya ga kofaton nan a makon nan, in da hali a ɗauki hotonsa na X-ray.