Gam ɗin cikon haƙori: yaya ake auna ƙarfinsa da ɗorewarsa?

Ɗaliba:
Assalamu alaikum, malamaina. Ina karatun likitancin haƙori, kuma akwai abin da ya ɗaure mini kai. Kamfanoni suna tallata gam ɗin da ake manna farin ciko da shi da manyan alƙaluma na megafaskal, wato ma'aunin ƙarfin manne, amma a asibitin koyarwa na ga cikon da ya ɓalle daga wuyan haƙorin wani dattijo, wato kusa da dasashi, tun bai cika shekara biyu ba. Yaya ake auna wannan ƙarfi, kuma har ina za mu amince da shi?

Malami:
Wa alaikumus salam. Yawanci akan manna cikon a kan haƙorin da aka cire, na mutum ko na saniya, a ajiye shi cikin ruwa mai ɗumin jiki, digiri 37, na awa 24, sannan na'ura ta ture shi ta gefe har ya rabu. A 1994 wani mai bincike mai suna Sano da abokan aikinsa suka kawo hanya mafi tsauri, inda ake yanka haƙorin sila-sila, kowane kaurinsa kusan milimita 1, kamar tsinken ashana, a ja shi har ya tsinke. Sai dai alƙaluman kwana ɗaya ƙarfin sabon manne kawai suke nunawa. Shi ya sa ake tsoma haƙorin a ruwan digiri 5 da na digiri 55 bi da bi, sau ɗaruruwa ko dubbai, domin kwaikwayon bakin da ke shan shayi mai zafi sannan ya kurɓi ruwan ƙanƙara.

Likitan haƙori:
Malam ya faɗi daidai, sai dai ina son a kula da wurin da cikon ya ɓalle. Ɓawon haƙori na waje kusan duka ma'adini ne, kuma tun da wani mai bincike mai suna Buonocore ya nuna amfanin goga masa asid ɗin fosforik a 1955 mannensa ba ya ba mu wahala. A wuyan haƙori kuwa akan tarar da ƙashin haƙori na ciki, mai danshi da zaren kolajin (wani nau'in furotin), wanda ruwa da sinadaran jikin haƙorin kansa suke ci a hankali a ƙarƙashin gam. Idan kuma miyau ya taɓa wurin lokacin aiki, ko fitilar da ake haskawa don gam da ciko su ƙanƙare ta yi rauni, mannen ya samu matsala tun ranar farko.

Ɗaliba:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Gobe zan fara duba ƙarfin fitilar da muke aiki da ita.