Tarin da ya ƙi jin maganin tarin fuka: shawarwarin likitocin ƙirji

Abin da likitocin suka fi nanatawa shi ne majinyacin da ya gama maganin tarin fuka amma tari da rama da tofar da jini suka ci gaba fiye da wata 3. Idan gwajin GeneXpert, mai neman ƙwayar cutar tarin fuka, bai ga komai a majinarsa ba, kada a yi saurin maimaita masa magani. A tuna da fangas ɗin Aspergillus, wani nau'in fumfuna da ke shiga kogon da tarin fuka ya bari a saman huhu.

Hoton ƙirji kan nuna kogo mai kaurin bango, wani lokaci da dunƙulen fangas a ciki, iska ta kewaye shi kamar jinjirin wata. A hoton CT, wato hoton na'ura mai nuna cikin jiki dalla-dalla, idan aka kwantar da majinyaci rub-da-ciki, dunƙulen kan gangara. Sai dai hoto kaɗai ba ya yanke hukunci: a haɗa da gwajin jini na Aspergillus IgG, mai neman garkuwar da jiki ya samar kan fangas ɗin, domin shukar majina (rainon ƙwayoyin cikinta a ɗakin gwaji) sau da yawa ba ta fitar da komai.

Kuskuren da za a guje wa: haɗa itraconazole, maganin fangas ɗin, da rifampicin, maganin tarin fuka, domin rifampicin yana karya ƙarfin itraconazole.