Don Allah a taimaka, ina so hotuna su riƙa wucewa da kansu a majigi

Maman Walida: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ranar Asabar ne walimar saukar Alƙur'ani a Islamiyyarmu, kuma aikin hotuna ya faɗo kaina. Da ma ba ni aka ba wa ba, wani malami ne, sai tafiyar Umara ta kama shi ya bar min kwamfutarsa. Ni kuma ranar ina cikin kwamitin abinci, ni ce mai rabon alkaki da lemo a ɓangaren mata, ga 'yata tana cikin masu saukar, dangin babanta za su zo tun daga Gusau. Na jera hotunan yaran da sunayensu a PowerPoint. Shugaban makaranta yana so su riƙa wucewa ɗaya bayan ɗaya, in sun ƙare su koma farko, har a tashi. Amma sai na danna yake wucewa. Wata ta ce in zaɓi "kiosk", na zaɓa, yanzu ya kafe a shafin farko, ko na danna ba ya motsi. Wallahi hankalina a tashe yake.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Hajiya, kwantar da hankalinki. Aikin "kiosk" ke nan, yana kashe dannawa, ke kuma ba ki ba shafukan lokaci ba. Shiga Transitions, can hannun dama cire alamar "On Mouse Click", sa alama a "After", rubuta daƙiƙa 8, sai ki danna "Apply To All". Daga nan Slide Show, Set Up Slide Show, ki tabbatar an zaɓi "Using timings, if present". Komawa farko kuwa "kiosk" ɗin yana yi da kansa. Danna F5 ki tafi rabon alkakinki. In za ki tsayar, maɓallin Esc.

Anti Bilki: Ni dai na daina yarda da majigi. A bikin ƙanwata mun biya kuɗin haya tun da mako guda, mai kayan bai iso ba sai bayan la'asar, ana kunnawa aka ɗauke wuta, kafin a tayar da janareto kwamfutar ta mutu. Har yau bai dawo mana da ko sisi ba. Ki mayar da shi bidiyo kawai. A File akwai Export, Create a Video, ki zuba a filas ki soka a talabijin, a sa ya riƙa maimaitawa.

Injiniya: A'a Anti, wannan doguwar hanya ce. In aka ga kuskure a sunan yaro da safiyar Asabar fa? Sai an sake fitar da bidiyon gaba ɗaya. Kuma ba kowace talabijin ke karanta abin da aka zuba a filas ba. Abin da na faɗa shi ne daidai.

Maman Walida: Anti, ba mu da talabijin a makarantar. Majigin kuma uban wani yaro ne ya kawo kyauta, ba zan iya cewa a ajiye shi ba.

Abban Sadik: Ki samu yaro ɗaya ya zauna yana dannawa mana. Ni abin da ke damuna ma yawan kuɗin da ake yanka wa iyaye a walimar nan, bara har da na anko.

Maman Walida: Yaran duk suna da karatu a gaban jama'a, wa zan cire? Injiniya, na yi yadda ka ce, Allah ya saka, yana tafiya. Sai dai a tsakiya akwai bidiyon ƙira'ar wata yarinya, in ya zo wurin sai ya wuce bai kunna ba.

Injiniya: Ai ba ki ce da bidiyo a ciki ba. Shiga Playback, a Start ki zaɓi "Automatically", kuma wannan shafin ki ba shi lokaci daidai da tsawon ƙira'ar, ba daƙiƙa 8 ba. Ni da zan ba ki shawara ma, cire shi. Ana wa'azi a lasifika, wa zai ji?

Maman Walida: Ba zai ciru ba, ita ce ta zo ta ɗaya, kuma an riga an faɗa wa mahaifiyarta. Playback ɗin ne ban gani ba a sama.

Anti Bilki: Shi ya sa na ce bidiyo tun farko. Wai ma kun tanadi man janareto?