Masoya ne ke sayar da fim ɗin Indiya, ko labari?

Sani Fagge: Jama'a, maganata ɗaya ce: jarumin da ya tara masoyan gani-kashe-ni, fim ɗinsa ba ya faɗuwa. Ku dubi ƙofar gidan Shah Rukh Khan, Mannat, a unguwar Bandra ta birnin Mumbai, duk ranar 2 ga Nuwamba, ranar haihuwarsa. Ba masaka tsinke, sai 'yan sanda sun tare hanya. Mai wannan jama'ar ko bango ya ɗauka a kyamara za a saya.

Malam Habibu: Sani, ka haɗa abu biyu. Masoyi kwana ukun farko yake saye. Ƙungiyoyin masoya kan sayi tikiti tun kafin fim ya fito, wani lokaci su kama zaure guda, su zo da ganguna. Ranar Litinin an koma aiki, wanda zai shiga sinima sai ya tambayi maƙwabcinsa ko fim ɗin ya yi kyau. Nan asiri ke tonuwa. Thugs of Hindostan na 2018, ga Aamir Khan ga Amitabh Bachchan, ga hutun bikin Diwali, ranar farko ya haura kuror 50, kuror ɗaya kuwa rufi miliyan 10 ne. Kafin sati ya zagayo kujeru sun yi wayam.

Hajiya Rabi: Ƙari kan na Malam, kuɗin da ake yayatawa ba na mai fim ba ne duka. A cire haraji, sannan manyan sinimomi su riƙe kusan rabi a satin farko, kason mai fim kuma raguwa yake yi sati bayan sati. Ga ladan jarumi ya cinye babban kaso tun ba a kunna kyamara ba. Dillalin da ya sayi fim da tsada saboda suna shi ke kwana ciki. Tubelight na Salman Khan a bikin Sallah ya fito a 2017, lokacin da ya saba kwasar ganima, amma dillalai suka yi ta kuka.

Sani Fagge: Hajiya, to Pathaan fa? Shah Rukh Khan shekara huɗu bai ja fim ba, ya dawo Janairun 2023 ya haura kuror 1,000. Jawan ma haka a shekarar. Labari ne ya yi wannan?

Malam Habibu: Me ya zaunar da shi shekara huɗun? Faɗuwar fim ɗinsa Zero ne a 2018. Kafin nan Fan na 2016, wanda labarinsa ma na masoyin da son jarumi ya zautar ne, bai yi kasuwar da aka zata ba. Su waɗancan na ƙofar Mannat ina suka shiga?

Baba Idi: Yara, ba ku ga so ba. Rajesh Khanna daga Aradhana a 1969 zuwa 1971 ya jera finafinai 15 duk sun ci kasuwa. 'Yan mata na rubuto masa wasiƙa da jininsu, wasu su ɗaura aure da hotonsa, farar motarsa in ta tsaya sai ta koma ja da jan-baki. Abin da ya kayar da shi uku ne: zuwa wurin ɗaukar fim a makare, 'yan amshin Shata da suka cika masa falo, da sauyin zamani. Marubuta Salim da Javed suka rubuta Zanjeer na Amitabh Bachchan da ya fito a 1973, matasa suka koma son jarumi mai fushi. Ko shekara biyar ba a yi ba ƙofar gidan Rajesh Khanna ta yi tsit.

Hajiya Rabi: Baba, amma a ba Sani nasa. Da Amitabh ya ji rauni a ciki wurin ɗaukar Coolie a Yulin 1982, aka kwantar da shi a asibitin Breach Candy, mutane sun yi ta addu'a a masallatai da wuraren bauta. Da fim ɗin ya fito a 1983 an tsayar da hoto cak daidai wurin dukan, an kuma sauya ƙarshen don kada jarumin ya mutu. Nan kam masoya ne suka rubuta labari.

Malam Habibu: Gaskiya ne. Sai dai da kamfaninsa ABCL ya durƙushe a ƙarshen shekarun 1990, bashi ya yi masa katutu, masu taruwa a ƙofar gidansa kowace Lahadi ba su biya ba. Shirin talabijin na Kaun Banega Crorepati ne ya tashe shi a 2000.

Sani Fagge: Wa ya zauna gaban talabijin ɗin, Malam? Ba su ba ne?